Domashi: Sunan da Na Rubuta Kafin In Ga Mai Shi

Ɗacin Farko

Ina ɗan shekara tara ko goma na fara ɗanɗana domashi, a ɗakin kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye na ƙasar Kurfi. Ciwon ciki ne ya hana ni barci kwana biyu a jere. Da gari ya waye sai ta jawo wani tsohon ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ta zaro wata saiwa mai kaurin babban yatsa, ta kankare bayanta da wuƙa, ta yanki gutsure biyu ta jefa a ƙoƙo, ta zuba ruwan randa, ta rufe da faifai. Bayan la'asar ta miƙo mini, tana cewa: "Maigida, rufe ido ka shanye. Namijin da ya kasa shan domashi, ina zai iya riƙe gida?" Wasan jika da kaka ne, amma ɗacin ba wasa a cikinsa. Ya kama harshe, ya gangara maƙogwaro, ya zauna a can har bayan na ci tuwon dare. Kwana uku tana ba ni, a rana ta huɗu ta zubar da sauran jiƙon a gindin danga ta ce ya isa.

Kakata ungozoma ce, kuma 'yar mai ganye. Matan unguwa suna zuwa mata da ciwon goyo da na jego, ta ba wannan saiwa, ta ba waccan sassaƙe, wata kuma ta ce mata ta tashi ta tafi asibiti. Ta rasu ina makarantar sakandare, Allah ya jiƙanta. Ƙunshin nan na ƙarƙashin gado an share shi tare da tarkacen ɗaki, domin ba wanda ya san me ke ciki. Abin da ya rage mini daga gare ta game da domashi shi ne sunan da kuma ɗacin. Ban taɓa tambayarta inda ake samo shi ba, ban kuma tambayi dalilin da ya sa ta tsaya a kwana uku ba.

Tambayar da Ta Tsayar da Ni

Shekaru da yawa bayan haka na zaɓi sunayen tsirran magani a bakin mutanen Dutsin-Ma da Kurfi a matsayin batun kundina na digiri na biyu. Na yi wata da watanni ina bin hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma, ina zama da magori da wanzamai da mafarauta da tsofaffin mata. Na tattara sunaye fiye da ɗari biyu, na jera su a jadawali mai gida huɗu: suna, ƙirar kalma, cutar da ake sha dominta, da sunan da masana tsirrai suka ba shi da Latin. Gida na biyu shi ne abin alfaharina. Harɗaɗɗun sunaye irin su kashin yawo da nonon kurciya da rai ɗore da ƙaiƙayi koma kan masheƙiya sun ba ni abin faɗa mai yawa a kan yadda Bahaushe yake kallon tsiro ya raɗa masa suna daga siffarsa ko halinsa. Domashi kuwa bai ba ni komai ba ta wannan fuska. Kalma ce dunƙulalliya wadda ban iya feɗe ta ba. Na rubuta cewa wasu suna cewa dumashi, na rubuta "ciwon ciki" a gida na uku, na kwafo sunan Latin daga littafi, na wuce.

A ranar kare kundin, a 2019, mai jarrabawa na waje, wani dattijon malami, ya buɗe jadawalin ya aza yatsa a kan layi ɗaya. Ya ce: "Malam, wannan domashin, wane irin fure yake yi?" Na yi shiru. Ya ce: "To ganyensa fa? Dogo ne ko mai faɗi?" Na sake yin shiru. Bai tsananta ba. Ya ce in gyara wasu kurakuran ƙa'idojin rubutu, aka ba ni sakamako mai kyau, 'yan'uwa suka yi murna. Amma na fita daga ɗakin da sanin cewa na rubuta sunan abin da na sha da bakina, na kuma ɗora masa sunan Latin, alhali da zan taka shi a daji ba zan waiwaya ba.

Abin da Littattafai Suka Ce

Kunyar wannan rana ce ta tura ni karatu. Sunan da na kwafo, Vernonia kotschyana, ya zo mana ne ta hannun J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya, wanda ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, sannan The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937. Kusan duk wanda ya rubuta sunan tsiro da Hausa ya haɗa shi da na Latin tun daga lokacin, daga rijiyar Dalziel ya sha, ko ya sani ko bai sani ba. H. M. Burkill ya faɗaɗa aikin, kundinsa na farko ya fito a 1985, kuma a cikinsa ne dangin domashi suke.

Dangin nan masana suna kiran su Asteraceae, a da kuma Compositae. Suna daga cikin manyan zuriyoyin tsirrai masu fure a duniya, ire-irensu sun haura 20,000. Bahaushe ya san da yawa daga cikinsu ba tare da ya haɗa su gida ɗaya ba: shuwaka da ake miya da ita, tazargade da ake jiƙawa saboda zazzaɓi, kashin yawo da ke manne wa ƙafar wando, har da latas na lambu. Abin da ya haɗa su shi ne ƙirar furensu. Wanda ido yake ɗauka fure ɗaya ne, in aka duba da kyau tarin ƙananan furanni ne da yawa suka taru a kai guda. Domashi ɗan'uwan shuwaka ne na kusa, sai dai shuwaka ƙaramar itaciya ce mai tsayuwa rani da damina, shi kuwa karansa yakan bushe da rani, rayuwarsa ta koma cikin sauyoyinsa masu kauri a ƙarƙashin ƙasa, ya sake tohowa idan ruwa ya sauka. Yana fitowa a dazuzzukan da suka miƙe daga Senegal har Habasha.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne yawan mutanen da ke cikin sunan Latin ɗin. Vernonia daga William Vernon ne, Baturen Ingila da ya tattara tsirrai a Amurka a ƙarshen ƙarni na 17. Kotschyana daga Theodor Kotschy ne, ɗan ƙasar Ostiriya da ya yi yawon tattara tsirrai a Sudan a ƙarni na 19. Daga baya masana suka sake lale, suka fitar da tsiron daga gidan Vernonia suka mayar da shi wani reshe na Baccharoides adoensis, wanda shi kuma sunan garin Adwa na Habasha yake ɗauke da shi. Ashe sunan da na ɗauka shi ne tabbatacce ya riga ya sauya kafin in kwafe shi, na kakata kuwa yana nan yadda Dalziel ya ji shi fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Sai kuma na ci karo da labarin Mali. A Bamako akwai sashen gwamnati na binciken magungunan gargajiya wanda asalinsa ya koma 1968. Sashen ya fitar da wasu magunguna da ake kira ingantattun magungunan gargajiya, waɗanda aka shigar cikin jerin muhimman magungunan ƙasar. Ɗaya daga cikinsu, Gastrosédal, garin saiwar wannan tsiro ne, wanda Bambara suke kira buaye, ana ba da shi don gyambon ciki da kumburin tumbi. Masana na Mali irin su Drissa Diallo da Rokia Sanogo, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe, sun yi shekaru suna nazarin saiwar. Sun nuna tana ƙunshe da inulin mai yawa, wato wani nau'in abinci da tsirran wannan dangi suke taskancewa a sauyoyinsu, sun kuma gwada shi a kan ɓeraye suka ga yana rage raunin da ke samun bangon tumbi. Ranar da na karanta wannan, ji na yi kamar an wanke kakata a gaban duniya. Na ɗauki labarin ina yaɗawa a duk majalisar da na zauna.

Kawu

Cikin waɗanda na ba labarin har da kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan autan kakata. Manomi ne, da rani kuma yana aikin lodi. Ya daɗe yana kukan zafin ciki da ƙwannafi, musamman in yunwa ta kama shi ko cikin dare. Na je gaishe shi a ƙarshen 2020, ya yi mini ƙorafin, ni kuwa na buɗe baki na ce: "Kawu, ai maganin yana gidanku. Domashin Inna ne. Har a Mali gwamnati ta mayar da shi maganin olsa." Ya yi dariya ya ce ashe boko ya dawo gida. Ban faɗa masa nawa zai sha ba, ko har zuwa yaushe, domin ni ma ban sani ba. Ban tambaye shi ko yana shan wani abu daban ba.

Ya sayi ƙullin gari a leda a wurin wani mai tallar magani a kasuwa, aka ce masa domashi ne. Ya riƙa zubawa a kunu safe da yamma, wata ɗaya, wata biyu, wata uku. In ƙulli ya ƙare ya sayi wani. A duk tsawon lokacin yana haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwon jiki da ake sayarwa a tire, biyu ko uku kowane dare bayan ya taso daga lodi. Bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ya ɗauka dattin ciki ne maganin yake fitarwa, har ya yi murna. Wata asuba a cikin watan Maris na 2021 ya yi aman jini ya faɗi a tsakar gida.

An kai shi asibiti a Katsina, aka ƙara masa jini leda uku, ɗaya daga jikina aka ɗiba. Likitan da ya duba shi ya yi mana bayani a tsaye a baranda. Gyambo ne a cikinsa ya ci har ya taɓa jijiya. Abubuwa biyu ne suka fi haddasa irin wannan: wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, da kuma yawan shan ƙwayoyin kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen. Kawu ya haɗa duka biyun. Ƙwayar cutar, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano alaƙarta da gyambon ciki a Ostireliya a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005, ana kashe ta da haɗin magunguna na mako biyu ko ƙasa da haka. Baƙin bayan gida kuwa jini ne da ya narke a hanji. Likitan bai zagi maganin gargajiya ba. Ya dai ce da an zo wata biyu da suka wuce, da ba a kai ga ƙarin jini ba.

Kawu ya tashi, yana nan da ransa, ya koma gona. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa. Ni ne na san abin da na yi. Na ɗauki suna daga bakin mahaifiyarsa, na haɗa shi da labarin da na tsinta a takarda, na miƙa masa da ƙarfin digirina. Saboda ni ne ya amince, kuma saboda ya amince ne ya yi jinkiri. Sauran garin da aka samu a ɗakinsa na ɗanɗana: akwai ɗaci, amma ba zan iya rantsuwa cewa shi ne ɗacin da na sani ba.

Kasuwar Laraba

A daminar 2022 na koma Dutsin-Ma, ba da jadawali ba wannan karon. Ranar Laraba, ranar kasuwa, na bi layin masu magani na tambayi mutum huɗu domashi. Biyu suka ba ni gari. Ɗaya ya ba ni busassun gutsattsarin saiwa masu duhu. Na huɗu ya ba ni wasu masu haske, ya rantse nasa ne na gaskiya. Na tambayi kowannensu inda aka haƙo, amsar ɗaya ce: a buhu ake kawo musu. Ukun farko matasa ne, ba wanda ya taɓa ganin tsiron a tsaye. Ban ga laifinsu ba, tunda ni mai kundi a kansa ban gan shi ba.

Na huɗun ne ya kwatanta mini wani tsoho, tsohon mafarauci, wanda a da shi yake kawo wa rabin layin sauyoyi. Na same shi a zauren gidansa a bayan gari. Na gaishe shi, na zube masa abin da na sayo a kan tabarma. Ya ture garin gefe da bayan hannu bai ko shinshina ba. Ya ce: "Ɗana, abin da aka daka ya zama gari, ko uwarsa ba ta gane shi." Ya ɗauki mai duhun ya karya, ya lasa, ya tofar, ya ce wannan ba shi ba ne. Ya ɗauki mai hasken ya ce shi ne, amma an haƙe shi da ɗanyen kara, ba ƙarfi a cikinsa.

Na tambaye shi dalilin da ya sa ya daina kawowa. Ya dube ni kamar wanda ya zo daga wata ƙasa. Dazuzzukan da yake shiga a da, yamma da gari ta wajen Safana har zuwa gefen dajin Rugu, yanzu ba mai shigarsu da gatari da buhu ya tabbata zai dawo. 'Yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu, balle mai neman saiwa. Na kusa da gari kuwa noma ya cinye, ga maganin feshi da ke ƙone duk abin da ba a shuka ba. 'Ya'yansa maza biyu suna acaɓa, ba wanda ya bi shi daji ko sau ɗaya. Ya ce in dawo idan gero ya fara nuna, akwai wata saura da ya sani kusa, inda ba a fargaba.

Na dawo a ƙarshen Satumba. Muka hau babur muka yi 'yar tafiya, muka sauka muka taka zuwa gefen wata saura mai tsakuwa. Ya tsaya ya nuna da sandarsa. Tsiro ne da ya kai mini ƙugu, karansa a miƙe, 'yan rassa a sama. Ganyensa dogo ne, bakinsa da ƙananan haƙora kamar zarto. A kan kowane reshe akwai kan fure kamar ƙaramin tulu, kewaye da wasu ɓawo-ɓawo masu haske da suka ɗan buɗe, daga tsakiya kuma siraran furanni suka fito, fari da ya surka da shuɗi mai ja-ja. Na sunkuya na fara ƙirga ƙananan furannin da ke kai ɗaya, na ɓace a lissafi. Shekara uku bayan tambayar dattijon malamin nan, ranar na sami amsarta. Gani ya kori ji.

Abin da Ke Rataye da Sunan

Muka zauna a inuwar wata marke na kunna na'urar ɗaukar magana da izininsa. Abin da ya faɗa a wannan zama ya fi duk abin da na rubuta a kan domashi a kundina, ninkin ba ninkin. Ya ce ba a haƙarsa yana fure. Sai kaka ta wuce, kara ya bushe, "ƙarfin ya koma ƙasa". Saboda haka mai haƙa yakan yi wa wurin alama tun da damina, domin da rani ba abin da zai gani sai busasshen tsinke. Ya ce ba a tumɓuke shi duka: a ɗebi 'ya'yan saiwa na gefe, a bar uwar, a mayar da ƙasa a danne da ƙafa, in ba haka ba baɗi ba za a tarar da komai ba. Ya ce shi bai taɓa sayar da shi a dake ba, don mai saye ya ga abin da ya saya. Ya nuna mini awon da yake bayarwa da gaɓar yatsansa. Ya ce ba ya ba mace mai ciki, ba ya ba jariri. Ya ce kwana uku ne, in ya yi yawa bakwai. Ciwon da ya wuce haka "ba na domashi ba ne".

Na ba shi labarin kawu ban ɓoye rawar da na taka ba. Ya yi shiru, sannan ya tambaya: "Bayan gidansa ya yi baƙi?" Na ce ya yi. Ya ce: "To ai nan ake tsayawa. Wanda ya gaya mini haka, ko ya yi aman jini, ba na ba shi ko ƙwayar saiwa. Mota nake cewa a nemo." Na tuna da kakata tana zubar da jiƙo a gindin danga a rana ta huɗu, na kuma tuna da matan da take kora zuwa asibiti.

Ba ina cewa duk abin da tsohon nan ya faɗa gaskiya ce da kimiyya ta tabbatar ba. Awon gaɓar yatsa ba awo ba ne a wurin mai haɗa magunguna, kuma ba na jin jiƙon saiwa zai maye gurbin maganin da ke kashe ƙwayar cutar da ta kwantar da kawu. Abin da na gane shi ne, a bakin masu shi, kalmar domashi ba ta taɓa tafiya ita kaɗai ba. Tana tafe da lokacin haƙa, da ɓangaren da ake ɗiba, da awo, da adadin kwanaki, da wanda ba a ba, da alamar da ke cewa a tsaya. Duk hannun da sunan ya ratsa, sai wani abu ya zube. Mai buhu ya zubar da lokacin haƙa. Mai daka ya zubar da siffar saiwa. Mai talla da lasifika ya zubar da awo da iyaka, ya ƙara cututtuka goma a kai. Ni kuma manazarci na zo na zubar da sauran, na bar kalma ɗaya da "ciwon ciki" a gabanta. Da na sake duba aikin Mali da idon da ya ga kawu a kwance, sai na lura cewa abin da suka yi shi ne mayar da waɗannan abubuwa da suka zube: tantance tsiron, ƙayyade awo, rubuta yadda ake sha, har da gwada noma shi don kada a ƙarar da na daji. Wannan ɓangaren ne ban ba kawu labarinsa ba.

Tun a 1981 Murray Last, daga binciken da ya yi a ƙasar Malumfashi, nan kudu da mu, ya ja hankali a kan muhimmancin lura da abin da mutane ba su sani ba, da abin da ba su damu su sani ba, game da magani. Ya nuna cewa maganin gargajiyar Hausa yana iya rasa tsarinsa ya zama tarkace, alhali mutane suna ci gaba da amfani da shi. Na karanta wannan maƙala lokacin da nake rubuta kundi, na ambace ta a bitar ayyukan da suka gabata, ban ga kaina a cikinta ba. Magabatanmu a wannan fage, irin su Aliyu Muhammad Bunza a aikinsa kan magungunan Hausa a rubuce, sun zauna da masu abin sun daɗe. Mu na baya ne muka mayar da aikin cika jadawali, saboda jadawali yana da saurin cika, kuma yana da kyan gani a babi na huɗu.

Abin da Ya Rage a Wuyanmu

Masu nazarin sinadaran tsirrai a jami'o'inmu suna aikinsu. Suna karɓar ganye ko saiwa, su kai ma'adanar busassun tsirrai a tantance, su tatsi ruwanta su gwada. Abin da ba su da horon yi shi ne zama da tsoho awa biyu a inuwar marke, su rarrabe "ƙarfin ya koma ƙasa" da "ba na domashi ba ne", su gane cewa jimla ta biyu iyaka ce mai magani ya shata wa kansa. Wannan aikin harshe ne da al'ada, namu ne. Mu kuma ba mu da horon tantance tsiro, shi ya sa muke kwafar Latin daga littafin 1916 ba tare da mun san ya sauya ba. A Dutsin-Ma akwai jami'ar tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Tazarar da ke tsakanin mai nazarin Hausa da mai nazarin tsirrai ba ta wuce tafiyar 'yan mintoci a ƙafa ba.

Da zan sake rubuta kundina, da sunaye ashirin zan ɗauka maimakon ɗari biyu. Kowane suna sai na ga mai shi a tsaye, da damina da rani, tare da wanda zai iya tantance shi. Sai na ɗauki maganar masu shi da muryarsu, na rubuta ta yadda suka faɗe ta, da karin harshensu. Kuma a kowane suna sai na yi tambayar da ban yi wa kowa ba a cikin watannin da na yi ina yawo: yaushe ake dainawa, kuma wa ba a ba? Ina roƙon malamanmu masu duba kundaye su riƙa yi wa ɗalibai irin tambayar da aka yi mini, amma tun a matakin tsara bincike, lokacin da amsarta za ta yi amfani. Lokaci kuma ba ya jiranmu, domin masu wannan sani tsofaffi ne, dajin da za su nuna mana abin a cikinsa ya rufe, 'ya'yansu kuma sun kama wata sana'a.

A watan Janairun 2023 tsohon ya aiko a kira ni. Muka koma saurar, ya nemo alamar da ya yi da duwatsu uku, ya haƙa a hankali da ƙaramar sungumi. Ya ɗebi 'ya'yan saiwa biyu, ya ɓallo wani ɓangare mai ido daga jikin uwar ya ba ni, ya mayar da ƙasa ya danne da ƙafa. Na kai shi Kurfi na binne a bayan ɗakin da kakata ta zauna, wanda yanzu kawu yake ajiye buhunan gero a ciki. Kawu ne ya kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Da ruwa ya sauka ya toho, kara biyu. Da ya yi fure na tara yaran gidan na nuna musu, na faɗa musu sunansa, na sa kowannensu ya taɓa haƙoran ganyen. Ƙaramar cikinsu ta tambaya ko ana sha. Kafin in buɗe baki kawu ya amsa daga bakin ƙofa, ya ce ana sha, kwana uku.